Tambayi Lauya: "Nawa ne kuɗin karayar cinyata?"

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka dosa, mutum an ji masa ciwo saboda sakacin wani, toh nawa ya kamata a ba shi kuma waye ke yanke kuɗin. Na tsamo guda shida, na rage tsawon wasu, suna kuwa kamar kullum ba ma sakawa.

TAMBAYA: Barista barka da aiki. Ni tela ne a Zariya, wata huɗu da suka wuce ina kan mashin ɗina zan je sayo yadi sai motar wani kamfani ta fito daga kwana ba ko hon ta kwashe ni, ƙashin cinyata ya karye gida biyu, an yi min aiki an sa ƙarfe, har yanzu da sanda nake tafiya ban iya taka keke. Manajansu ya zo duba ni sau ɗaya ya ce za su ba ni dubu 400 in sa hannu a takarda magana ta ƙare. Ƙanina ya ce in karɓa kafin su fasa, mai ɗakina ta ce ya yi kaɗan. Don Allah a doka nawa ne kuɗin karayar cinya?

AMSA: Allah ya ƙara sauƙi Malam, ya sa kaffara ne. Ka gaida uwargida, ita ce ta fi kusa da gaskiya.

A babbar kotun jiha babu wani jadawali da alƙali zai buɗe ya ga an rubuta cinya kaza hannu kaza. Mutum biyu za su karye a wuri ɗaya rana ɗaya a mota ɗaya, ɗaya ya tashi da ninki biyar na ɗayan, kuma ba son kai aka yi ba. Abin da kotu ke nema shi ne ta mayar da kai inda kake kafin motar ta buge ka, iya yadda kuɗi zai iya, saboda haka rayuwarka ake aunawa ba ƙashin kaɗai ba. Kai da ƙafa kake cin abinci, da ita kake taka keke, karayarka ba ɗaya take da ta akawun da ke zaune kan kujera albashinsa na shigowa ko yana kwance ba.

Kashi biyu ake raba abin. Na farko asarar da ke ƙirguwa: kuɗin aiki, kuɗin ƙarfen da aka sa, gado, magani, hoton ƙashi, jini in an ƙara maka, kuɗin motar zuwa asibiti kai da mai jinya, gashin ƙashi, sandar da kake dogarawa, gyaran mashin, da kuɗin da ka saba samu a shago wanda ya tsaya tun ranar. Wannan kashin doka ta tsaurara a kansa sosai, sai lauyanka ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya da adadinsu a takardar ƙara, sannan ka kawo hujjar kowanne, kuma nan ne mutanenmu ke zubar da haƙƙinsu wallahi, mutum ya kashe sama da miliyan a jinya ya sayar da akuyoyi ya ci bashi amma in ka ce ina rasit sai ya ce ai a kemis ɗin bakin asibiti muka saya ba su ba mu ba, ko yara sun yaga. Abin da ba ka tabbatar ba alƙali ba zai ba ka ba ko da a ransa ya san ka kashe. Saboda haka yau ɗin nan ka sa ƙanin naka ya bi asibiti da kemis ya karɓo kwafin duk abin da za a iya samu, in ta taransifa kuka biya a ciro bayanin asusu daga banki, alat ɗin da ke waya ma kar a goge.

Samun tela ba albashi ba ne, na sani, amma ana tabbatar da shi. Littafin da kake rubuta awo da kuɗin ɗinki hujja ne, kuɗin da kwastomomi ke turo maka hujja ne, yaran shagonka da shugaban ƙungiyarku ta teloli za su iya ba da shaida. Mu ɗauka a misali kana samun dubu 120 a wata bayan ka cire zare da haya da kuɗin wuta, wata huɗu ya zama dubu 480 kenan, kaga wannan kaɗai ya wuce abin da manaja ya miƙo, ba a taɓa maganar asibiti ba tukuna. In kuma watannin azumi da sallah sun faɗo a cikin kwanciyar, a faɗa wa kotu, kowa ya san lokacin ne tela ke haɗa kuɗin shekara.

Kashi na biyu shi ne abin da ba shi da rasit. Azabar da ka sha da wadda za ka sha in an zo cire ƙarfen, dararen da ba ka runtsa ba, tabo, ɗingishi in ya zauna, abubuwan da ka saba yi yanzu sun gagara irin su durƙuso da zaman tahiya da hawa mashin, har da abin da ya shafi zamanka da iyali in raunin ya taɓa can, kar ka ji kunyar faɗa wa lauyanka da likita. Wannan alƙali ne ke ƙiyasta shi da hankalinsa, yana duba abin da kotuna suka bayar a baya kan rauni mai kama da naka, yana kuma lura da cewa nairar shekara goma baya ba ita ce ta yau ba. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta cika taɓa abin da ya yanke ba sai in ya bi ƙa'idar da ba daidai ba ko kuɗin ya yi yawa ko kaɗan fiye da hankali.

Sai kuma asarar gaba, wadda a ganina ita ce mafi nauyi a maganarka kuma ita ce takardar manaja ke son ta binne. A ce likita ya rubuta cewa ƙafar ba za ta koma daidai ba, aikin da za ka iya ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, a misalinmu dubu 40 kenan duk wata, dubu 480 a shekara. In shekarunka 35 ana sa ran kana da kamar 25 a gaba kana ɗinki, amma ba a ninkawa da 25 ɗin cif, ana ragewa saboda a dunƙule za a ba ka kuɗin yau ka juya su, kuma rai da lafiya ba a hannun kowa suke ba, in alƙali ya ɗauki 12 ma ka ga an kai miliyan 5 da dubu 760. Misali ne fa na ba ka don ka ga yadda lissafin ke tafiya, ba alƙawari ba. Lauyan kamfani shi kuma zai tashi ya ce ai akwai keken lantarki da ba ya son ƙarfin ƙafa, ka shirya amsar wannan.

Duk wannan a kan takarda ɗaya yake tsaye, rahoton likitan ƙashi da ya yi maka aiki, wanda zai faɗi irin karayar, abin da aka yi, ko akwai wani aikin a gaba da kuɗinsa, da kashi nawa cikin ɗari na naƙasar da za ta zauna. Ga kuma abin da nake so ka riƙe da kyau: diyya sau ɗaya ake biyanta. Ka sa hannu yau, bayan wata shida ƙarfe ya motsa ko ƙashi ya ƙi haɗewa, babu komawa a ce a ƙara. Wanda ya karɓi kuɗin rufe magana alhali yana kan sanda cinikin biri a sama ya yi. In suna son taimakawa da kuɗin jinya yanzu ka karɓa, amma a rubuta ƙarara cewa wani ɓangare ne ba biyan ƙarshe ba, kuma wani mai ilimi ya karanta maka kafin ka dangwala.

Abu ɗaya da ya yi maka kyau, motar kamfani ce. Direba in yana bakin aikin ubangidansa ya yi ɓarna, doka na kama uban gidan, kuma bayan kamfanin akwai kamfanin inshora. Inshorar nan ta kare mutum na uku, wato wanda mota ta buge ko ta yi wa ɓarna, tilas ce a Najeriya tun dokar 1945, daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta na ƙaramar motar gida daga naira dubu 5 zuwa dubu 15, ta kai iyakar biyan ɓarnar dukiya miliyan 3, toh wannan miliyan 3 ɗin ta dukiya ce, mota ko shago ko katanga, kar wani ya ruɗe ka ya ce ita ce iyakar kuɗin jikin mutum. Ka nemi lambar motar da rahoton 'yan sanda ko na Rodi Sefti da zanen wurin hatsarin, lauya ya rubuta wa kamfanin da masu inshorarsu tun da wuri. Ba lallai sai an shiga kotu ba, yawancin irin wannan a teburin sulhu yake ƙarewa, amma wanda ya zo da fayil cike da takardu ba a yi masa tayin da ake yi wa wanda ya zo da baki kawai. In kuɗin lauya ne damuwar, akwai masu yarda su yi aiki a kan kaso in an samu, a rubuta kason tun farko, akwai kuma hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, Legal Aid, dokarta ta 2011 ta sa ƙarar hatsari cikin ayyukan da take yi wa marasa hali.

TAMBAYA: Ni matar aure ce daga Gusau. Maigidana wata mota ta buge shi bisa kuskure, idonsa na dama ya tsiyaye haƙora biyu suka fita. Mai motar maƙwabcinmu ne musulmi, ya biya asibiti. Dangi sun ce a yafe ƙaddara ce, shi kuma maigidan ya yi shiru amma na san abin na cin sa don direba ne kuma yanzu ba mai ba shi mota. A musulunci me ya kamata a ba shi?

AMSA: Hajiya sannu da jinya, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Nan kam akwai jadawali, saɓanin abin da na gaya wa telan Zariya, kuma ɗaliban da suka yi Risala a zaure sun san shi. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa. Gaɓar da take guda biyu a jiki, ido, hannu, ƙafa, duka biyun cikakkiyar diyya, ɗaya rabi. Hanci cikakkiya, ji cikakkiya, hankali in ya gushe cikakkiya. Kowane yatsa raƙuma 10, kowane haƙori 5. Raunin kai ko fuska da ya bayyana ƙashi 5, wanda ya farfasa ƙashin har ya gusa 15, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa ko ya huda ciki sulusin diyya. A mazhabar Malikiyya ma mai ido ɗaya in aka lalata masa wanda ya rage cikakkiyar diyya ake ba shi, don shi ne duka ganinsa. Raunin da ba a ƙayyade ba alƙali ne ke ƙiyastawa gwargwadon aibin da ya bari, kuma ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke an ga inda ya tsaya.

Toh a lissafin maigidanki ido ɗaya dinari 500, haƙora biyu dinari 100, jimla 600. Dinari ɗaya ana ƙiyasta shi giram 4.25 na zinare, kinga ana maganar zinare sama da kilo biyu da rabi. Hanya mai sauƙi ta sanin kuɗin a naira, ki duba nisabin zakka da hukumomin zakka irin na Sakkwato da Kano ke fitarwa, nisabi dinari 20 ne, cikakkiyar diyya nisabi sau 50 kenan, taku kuma nisabi sau 30. Da tsadar zinare ta yanzu ɗaruruwan miliyoyi ake magana.

Na san abin da ya zo ranki, ina maƙwabci zai samo wannan. Ai shari'a ma ba ta ɗora masa shi kaɗai ba. A kuskure, duk abin da ya kai sulusin diyya ko ya wuce danginsa na wajen uba ne ke haɗuwa su biya, waɗanda ake kira aƙila, kuma a rarrabe cikin shekaru, cikakkiya shekara uku, abin da bai kai sulusi ba ne ke fita daga aljihun mai laifin. Matsalar ita ce wannan tsarin ya watse a garuruwanmu, babu wanda zai iya tara dangin mutum a Gusau ya ce kowa ya kawo kasonsa, shi ya sa wasu malaman zamani ke ganin ƙungiyar sana'a ko takaful, wato inshorar musulunci, na iya tsayawa a wannan gurbin. A aikace abin da ke faruwa sulhu ne, a zauna gaban alƙali ko malami ko mai unguwa a yarda a kan abin da zai yiwu.

Wani bambanci da ya kamata ki sani kafin ku zaɓi inda za ku. Diyya ba ta duba sana'a, idon direba da idon attajiri da idon almajiri kuɗinsu ɗaya. Babbar kotu kuwa za ta tsaya ne a kan cewa shi direba ne kuma tuƙi ya ƙare masa, ta lissafa abin da ya rasa. Ba a kuma cin biyu, in an karɓa nan ba a zuwa can a sake nema kan rauni ɗaya.

Maganar yafiya kuma, gaskiya tana ɗan ɓata min rai yadda ake yinta. Yafiya alheri ce mai lada, amma haƙƙin mai ido ne, ba na yayyensa ko kawunnansa ba, kuma wanda aka taru a kansa aka sa shi jin kunya har ya ce na yafe alhali bai san ma me ya yafe ba, yara kuma na gida ba abinci, ban ga inda aka yi masa adalci ba. Ƙaddara ce, eh, ai diyyar ma a kan kuskuren da aka ƙaddara aka saukar da ita. Ku samu malamin da maigidan ke jin nauyinsa ya zauna da shi shi kaɗai ya faɗa masa haƙƙinsa, in ya so ya yafe duka, in ya so ya yafe mafi yawa ya karɓi jarin da zai kama wata sana'a, a kuma tambayi maƙwabcin ko motarsa na da inshora ta gaske don ƙila ba daga aljihunsa kuɗin za su fito ba.

TAMBAYA: Yallaɓai ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, Kano, inji ya cinye min yatsu uku na hannun dama. Sun kai ni asibiti sun biya, da na warke suka ce ni kajuwal ne ba cikakken ma'aikaci ba, suka ba ni dubu 50 suka sallame ni. Wai kuma laifina ne na sa hannu. Ina da wani haƙƙi?

AMSA: Kana da shi ƙanina, kuma maganganun nan biyu da suka faɗa maka duk ba su tsaya ba. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar asusun inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke gudanarwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Ma'aikaci a wannan doka ya haɗa da na dindindin, na wucin gadi, ɗan koyo, kajuwal, har ɗan aikin gida in ba ɗan gidan ba ne, sojoji ne kawai aka cire. Kuma ba a tambayar laifin waye, in dai a bakin aiki abin ya faru shikenan, har hatsarin da ya same ka a hanyarka ta zuwa aiki ko komawa gida yana ciki. Kowane mai kamfani ya kamata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun, daga aljihunsa, haramun ne ya cire daga albashinka.

Lissafin nan daban yake da na kotu, da albashi ake yinsa. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya ba zai sake aiki ba ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Irin naka da wani sashe ne ya tafi, likitocinsu za su auna kashi nawa na ƙarfin neman abincinka ya ragu, a biya ka kashi 90 na wannan ragin, ga kuɗin magani da taimakon koyon wata sana'a. Abin da ba ya ciki shi ne kuɗin azaba da ɓacin rai, shi ne farashin rashin tambayar laifi. Kaga kenan mai ƙaramin albashi ƙaramin abu zai samu, wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma ko da mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa hannu a kansa a 2024 aka yi lissafin, yatsu uku na hannun dama sun fi ƙarfin dubu 50 sau ɗaya.

Lokaci ne abin tsoro. Doka ta ce ma'aikaci ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 7, neman diyyar a shigar cikin shekara ɗaya, sai da dalili na musamman ake karɓa har zuwa shekara uku. Baka faɗa min yaushe abin ya faru ba, saboda haka kar ka jira, ka je ofishin NSITF da katin aikinka ko duk abin da ke nuna kana aiki a wurin, katin asibiti, hoton hannun, da sunayen abokan aikin da suka gani. In ya bayyana kamfanin bai taɓa yin rajista ba, wanda ba abin mamaki ba ne, ka ga lauya kan zuwa kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da reshe a Kano, a can kuma za a tambayi ko injin na da murfin kariya, ko an koya maka aiki da shi, ko awa nawa ka yi a tsaye kafin abin ya faru.

TAMBAYA: Ƙanina ne mota ta buge a kan mashin a Funtuwa, gaskiya shi ya bi hannun da ba nasa ba amma mai motar ma gudu yake kamar zai tashi sama. Mun kai shi wajen mai ɗori, bayan sati uku ƙafar ta ruɓe aka kai asibiti aka yanke. Mai motar ya ce ba ruwansa. Haka ne?

AMSA: Innalillahi, Allah ya ba shi haƙuri. Ba haka ba ne gaba ɗaya, amma ku shirya jin abin da ba zai yi daɗi ba. Laifin ƙaninka ba ya kashe ƙarar, rage ta yake yi. Alƙali zai fara lissafa asarar duka sannan ya raba laifi, in ya ga mai mashin na da kashi 60 mai mota 40, toh a cikin kowace naira 100 ta asarar 40 za a ba ku. Rashin hular kwano ma haka yake rage kuɗi in a ka aka ji ciwon, ɗaukar mutum uku a mashin haka.

Ɗorin shi ne inda za a yi ta fama. Lauyan mai mota zai ce wanda yake karewa karaya ya jawo, yankewar kuwa ku kuka jawo da kuka ƙi asibiti, don doka na son wanda aka ji wa ciwo ya yi abin da mai hankali zai yi don kar asara ta ƙaru. Ba ina zagin masu ɗori ba ne, kowa ya san akwai waɗanda suka gada kuma mutane na zuwa ne don asibiti sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa ka, amma karayar da ƙashi ya fasa fata ko aka ɗaure ta tamau har jini ya daina gudu ita ke kai ga haka. Abin da zai taimake ku shi ne likitan da ya yanke ya rubuta ra'ayinsa, in tun farko ƙafar ta dagargaje yadda ko asibitin aka je da wuya a cece ta, magana ta canza. In kuma kun roƙi mai motar kuɗin asibiti a ranar ya ƙi, ku nemo wanda ya ji.

TAMBAYA: Barista na gani a Facebook wai a Amurka wata tsohuwa kofi ya zube mata aka ba ta miliyoyin daloli. Mu me ya sa a nan mutum zai rasa ƙafa a ba shi abin da bai kai kuɗin mashin ba?

AMSA: Labarin gaskiya ne amma rabinsa ake yaɗawa. Matar sunanta Stella Liebeck, shekarunta 79, a 1992 kofin McDonald's ya ƙone ta ƙuna mai tsanani har sai da aka yi mata dashen fata. A 1994 masu taya alƙali yanke hukunci suka ƙiyasta asararta dala dubu 200, suka cire kashi 20 don ita ma da nata sakacin, ya koma dubu 160, irin rabon laifin da na yi bayani yanzun nan. Dala miliyan 2.7 ɗin da ake ta faɗa kuɗin horo ne ga kamfanin, kuma alƙali ya zaftare shi zuwa dubu 480, daga baya suka sasanta a asirce. Can mutanen gari ake tarawa su yanke adadin, jinya na da tsadar tsiya, albashi na da yawa, kamfanonin inshora na biya. Nan alƙali ne shi kaɗai, kuɗin horo kuma kotunanmu ba sa bayarwa a hatsarin sakaci na yau da kullum sai inda aka ga zalunci ko cin zarafi da gangan. Sannan ko an yanke maka miliyan 50, in wanda ya buge ka ɗan adaidaita ne mai biyan balas kullum kuma takardar inshorarsa ta bogi ce irin ta bakin ofishin lasisi, takarda kawai ka riƙe, shi ya sa lauyan kirki kafin ya tambaye ka ina ke ciwo zai tambaye ka motar waye.

TAMBAYA: Motar wata ma'aikatar gwamnati ce ta buge mahaifiyata wata biyu da suka wuce, hannunta ya karye. An kai direban kotu kan tuƙin ganganci ana ta ɗaga shari'a. Mu jira a gama sannan mu nemi diyya?

AMSA: A'a ɗan'uwa, kar ku jira ko kwana ɗaya. Shari'ar da 'yan sanda suka kai ta hukunta direba ce, taku ta neman diyya daban take kuma ku za ku shigar da kanku. Gaskiya ne dokar shari'ar laifuka ta 2015 da takwarorinta na jihohi sun ba alƙali damar ya sa mai laifi ya biya wanda aka cuta, ku gaya wa mai gabatar da ƙara ya roƙa, sai dai abin da ake samu ta nan yawanci kaɗan ne. Babban haɗarin shi ne akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce ƙarar jami'i ko hukuma kan abin da aka yi a bakin aiki a shigar da ita cikin wata 3, akwai 'yan togaciya amma ba abin da za ka jingina da shi ba ne, kuma wasu hukumomin dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce, galibi ta wata guda, kafin a kai su kotu. Kun ci wata biyu, saura ɗaya, kaga in hukumar na cikin masu neman sanarwa to a bakin gaɓa kuke. Cikin satin nan ka ɗauki katin asibitin Mama da rasitai da lambar motar da lambar shari'ar direban ka kai wa lauya, a fitar da sanarwar, rahoton likita ya biyo baya.